Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya: Sharhi a kan Larurar ADHD

A kusan kowane aji na firamare a Bungudu, da kowace Islamiyyar yamma a Gusau ko Tsafe, akwai yaron da malamai suka fi haddace sunansa, kuma ba don ya fi kowa karatu ba. Shi ne wanda za a ce a zauna ya zauna, kafin malam ya juya ga allo ya riga ya miƙe. Ya ari fensirin wannan, ya taɓa hular wancan, ya amsa tambayar da ba a gama yi ba. A gida a aike shi sayen gishiri da daddawa, ya share awa guda ya dawo da gishiri kawai, canjin ma ya zube a hanya. Gwiwarsa ba ta rabuwa da ciwo. Daga ƙarshe uwarsa ta kamo hannunsa ta kai shi gaban malam ta ce, "Malam, yaron ga ya gagare ni, a taimaka mini da shi," kuma kowa ya san irin taimakon da take nufi.

Mara ji, mai kunnen ƙashi, gagararre: da waɗannan muke kiransa, kuma dukkansu hukunci ne a kan halinsa. Mun yanke cewa ya ji, ya gane, ya ƙi. Abin da nake so mu tsaya mu duba shi ne, a cikin irin waɗannan yara akwai waɗanda ba ƙi suka yi ba, kasawa suka yi, kuma bulalar da ake ƙara musu kullum ba ta kai wa inda matsalar take.

Likitoci suna kiran larurar ADHD, wato ƙarancin natsuwa haɗe da yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin tunani. Ba taɓin hankali ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, musamman sashen gaba da ke bayan goshi, wanda aikinsa shi ne ya tsayar da mutum ya ce masa dakata, ya riƙe masa abin da aka faɗa masa har ya gama aikatawa, ya kuma tace masa abin da ya cancanci a saurara daga abin da ya kamata a ƙyale. Saƙonnin da ke kai-komo a wannan sashe sun dogara da wasu sinadarai, mafi shahara a cikinsu dofamin da noradirenalin, kuma a wurin mai wannan larura aikinsu ba ya tafiya daidai. A 2007 masu bincike a cibiyar nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar Amurka suka kwatanta hotunan ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, suka ga cewa a masu ADHD ɓawon ƙwaƙwalwa yana bin hanyar girma irin ta kowa, sai dai yana makara da kimanin shekara 3, kuma makarar ta fi yawa a wancan sashen na gaba. Ke nan yaro ɗan shekara 10 yana iya zama da wayon ɗan shekara 10, da bakin ɗan shekara 10, amma iya riƙe kansa na ɗan shekara 7 ne. Mu kuma da ma'aunin ɗan goma muke auna shi.

In kana son ka ɗanɗana yadda aji yake a wurinsa, ka tuna tsayuwa a tsakiyar kasuwa ranar da take ci, kowane mai kaya yana jan rigarka da ƙarfi iri ɗaya. Muryar malam, kukan akuya a bayan taga, ƙudan da ya sauka a kan benci, tunanin ƙwallon da za a buga da la'asar, duk a lokaci guda suke kiransa, babu wanda ya fi wani ƙara.

Nan ne iyaye kan kawo hujjar da suke ganin ta kashe magana: "Ai ƙarya yake yi. Ba ka ganin yadda yake zama awa biyu gidan kallon ƙwallo ko kan wayar yayansa, ko ƙiftawa ba ya yi?" Hujjar tana da ƙarfi a ido, amma a haƙiƙa ita ma alama ce. Matsalar ba wai babu natsuwar ba ce kwata-kwata. Ba shi ne ke da ikon juya ta inda yake so ba. Abin da ke ba da daɗi nan take, mai sauyawa kowane daƙiƙa, yana kama shi ya riƙe har ya manta da cin abinci. Abin da ladansa ke nesa, kamar kwafe rubutu daga allo don jarrabawar da za a yi bayan wata uku, ba ya iya riƙe shi ko da yana so. Kuma sau da yawa yana so. Ka tambayi irin wannan yaro bayan ya sha duka me ya sa ya yi, zai ce maka bai sani ba. Mukan ɗauki amsar a matsayin raini. Gaskiya ce ya faɗa.

Ba kowane mai ƙiriniya ne ke da larurar ba, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Ƙiriniya aikin yara ce. Kafin likita ya ce ADHD ce, sai alamomin sun ɗauki aƙalla wata 6, sun fara kafin shekara 12, sun wuce abin da aka saba gani ga sa'o'insa nesa ba kusa ba, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kuma suna yi wa rayuwarsa illa ta zahiri. Yaron da ke natsuwa a gida da Islamiyya amma yake hauka a aji ɗaya tak, a binciki ajin da malaminsa. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da ita. Tambayoyi ne da tarihi, daga iyaye, daga malamai, daga yaron kansa.

Akwai kuma wadda ba ma ganinta sam. Larurar tana zuwa a siffa uku: mai rinjayen motsi da gaggawa, mai rinjayen rashin natsuwa, da mai haɗa biyun. Siffa ta biyu ba ta da hayaniya, kuma ta fi ɓuya a jikin 'yan mata. Yarinya ce da ke zaune shiru a bayan aji, idonta a kan malama, hankalinta ya yi nisa. An bar mata tukunya ta duba, ta ƙone. An ɗora mata talla, lissafin bai taɓa cika ba. Ba ta damun kowa, saboda haka ba wanda ya damu da ita; sai dai a ce shashasha ce, ko sakarya, a bar ta a haka. Wannan yarinya ita ce ta fi ba ni tausayi a duk maganar, domin larurar ba ta tsayawa a ƙofar makaranta. Tana bin ta ɗakin miji, inda ake auna mace da tsarin gida, da girki a kan lokaci, da tuna abin da maigida ya ce da safe. A nan sunan ya koma "ba ta iya riƙon gida ba," dangin miji su sa ta a baki, ita kuma ta yarda cewa lalle ita ce ba ta da kirki. Alƙaluman duniya sun nuna ana gano larurar ga yara maza fiye da mata, kimanin biyu ga ɗaya ko fiye, amma a cikin manya tazarar tana raguwa sosai, abin da ke nuna an tsallake mata da yawa tun suna ƙanana.

Wani zai ce wannan cutar Turawa ce, ta yaran da ba a kwaɓa. Tarihi bai goyi bayansa ba, ƙidaya ma haka. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya bayyana mutanen da ba sa iya tsayar da hankalinsu a kan abu ɗaya tun suna yara. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan a kan yara 43 masu irin wannan hali, a zamanin da bulala ke aiki sosai a makarantun Ingila, kuma ya lura cewa horo ba ya gyara su. Sunan da ake amfani da shi yau ya zauna ne a 1987. A 2007 aka tattara sakamakon bincike sama da 100 daga sassan duniya, aka samu kimanin kashi 5 cikin 100 na yara suna da ita. A manya kuwa kimanin kashi 2.5. A nan gida, binciken da aka wallafa a 2007 a kan 'yan firamare a Ilesa ya samu kashi 8.7, wani a birnin Benin a 2011 ya samu kashi 7.6. Ko da mafi ƙanƙantar adadin na yara muka ɗauka, ajin da ke da yara 80 yana ɗauke da kamar huɗu. Duk wanda ya taɓa riƙe alli zai iya kiran sunayensu.

Me ke kawo ta? Mafi girman kaso gado ne. Nazarin tagwaye a ƙasashe daban-daban ya nuna gado yana ɗaukar kimanin kashi 74 cikin 100 na bambancin da ake gani tsakanin mutane a wannan hali, kusa da yadda tsawon jiki ke bin jini. Ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce, tarin ƙanana ne masu yawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: sau da yawa uban da ya fi kowa zafin hannu a kan yaron shi ne wanda ya sauya sana'a sau biyar, wanda ba ya iya jira a layi, wanda kakar yaron za ta gaya maka shi ma haka ya tashi. Haihuwar bakwaini da haihuwar jariri da ƙarancin nauyi suna ƙara haɗarin, haka nan raunin ƙwaƙwalwa. Shan zaƙi ba ya kawo ta. An gwada an sake gwadawa. Sangarta ma ba ta kawo ta, ko da yake yanayin gida yana iya sa ta yi sauƙi ko ta yi tsanani. Ina jaddada wannan saboda uwa ce kullum ke shan zargi, ko kaka idan goyonta ne.

Sai abu ɗaya da ya sa wannan magana ta fi shafar Zamfara fiye da kowace jiha, wato dalma. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da jijjiga da suma, ba kuma sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ba ne. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa cike suke da dalma, ana kawo su cikin gida ana daka su ana niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Sama da yara 400 suka rasu. Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Bagega: sunaye ne da bai kamata wani Bazamfare ya manta ba. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, ta Bagega sai 2013 aka samu yi, an kuma yi wa dubban yara maganin fitar da gubar daga jini. Amma maganin yana rage dalmar da ke jini ne, ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Daga cikin illolin dalma da aka fi tabbatarwa ga yaro akwai raguwar kaifin fahimta, da gajeren natsuwa, da saurin fushi da gaggawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa. Jariran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata. Wasunsu sun wuce ta hannun malaman da suka yi ta dukansu a kan rashin ganewa, ba tare da kowa ya haɗa wannan da ƙurar da suka shaƙa suna goye ba.

Bungudu ba ta cikin waɗancan ƙauyuka, amma Maru maƙwabciyarta ce, kuma can ana haƙar zinariya. Ɗan Nahuce ko Kwatarkwashi da ya tafi neman kuɗi wurin haƙa yana dawowa gida da tufafinsa da ƙurarsu. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Dalma kuma ba a ramin zinariya kaɗai take ba. Tana cikin tsofaffin baturan mota da ake fasawa, tana cikin wasu nau'o'in fenti, tana kuma cikin tozalin dutse. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu dalma mai yawa a jininsa. Da aka bi diddigi sai aka tarar tozalin da aka kai daga Najeriya ake sa masa, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na tozalin dalma ce. Mu kuwa tun kafin suna muke ranɗa wa jariri shi.

Wannan ya kawo ni ga ɗaya gefen maganar, wanda nake tsoronsa kamar yadda nake tsoron bulala: kada mu koyi sabon suna mu riƙa liƙa wa kowane yaro. A Amurka, ƙidayar 2022 ta nuna kimanin yara miliyan 7, sama da kashi 11 cikin 100, an taɓa ce musu suna da ADHD, kuma har yau masana can suna muhawara ko an wuce gona da iri. An ma gano a ƙasashe da dama cewa yaran da suka fi ƙanƙanta a aji sun fi samun wannan laƙabi, alhali ƙuruciya ce kawai ke damunsu. A wurinmu abubuwan da ke kama da ita sun fi haka yawa. Yaron da ya zo makaranta bai karya ba ba zai natsu ba. Mai ƙarancin jini ba zai natsu ba. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa tun yana ƙarami, ba ya jin rabin abin da ake faɗa, shi ma "mara ji" muke ce masa. Wanda ba ya hango allo zai juya ga na kusa da shi. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙame na 'yan daƙiƙoƙi idonsa a buɗe, sau da yawa a yini. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya barin yaro da rashin natsuwa bayan ya warke, haka ma sikila.

Sannan ga tsoro. Yaron da aka tashe shi cikin dare aka gudu da shi daji, wanda ya ga an tafi da babansa, wanda iyayensa suka bar ƙauye suka raɓe a kangon wani a Tsafe ko Gusau, barcinsa ba barci ba ne. Ƙarar babur kaɗai ta isa ta ɗauke masa hankali daga karatu. Bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da sace ɗalibai a Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar, an rufe makarantu, yara da yawa suka yi watanni a gida, wasu ba su koma ba. Firgici yana sa yaro zabura, da fushi, da kasa zama, har ka rantse ADHD ce. Abin da ke raba su shi ne tarihi: shin haka yake tun yana ɗan shekara huɗu, ko bayan abin da ya faru ne ya sauya? Maganinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa tambayar ta zama dole. Yaro ɗaya kuma yana iya haɗa biyun.

Game da aljanu da sammu da kambun baka, ba ni da niyyar raina imanin kowa. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba sa cutar da yaro, kuma babu malamin kirki da zai hana ka kai ɗanka asibiti bayan ka yi masa addu'a. Abin da nake ƙi shi ne duka da sunan fitar da iska, da turaren da ke shaƙe yaro, da gaya wa ɗan shekara takwas cewa akwai wani abu a jikinsa. Wannan magana tana zama a zuciyar yaro fiye da tabon dorina.

Bulala tana aiki, shi ya sa muka riƙe ta: tana sa yaro ya yi shiru na minti goma. Amma tana koyar da wanda zai iya tsayawa ya tuna zafin jiya kafin ya aikata na yau, kuma wannan tsayawar ita ce ainihin abin da mai ADHD ya rasa. Saboda haka ana dukansa yau a kan abin da aka dake shi jiya, malam ya ɗauka taurin kai ne ya ƙara ƙarfi, yaron ya saba da zafin, ya koyi ƙarya da ɓuya da gudun makaranta. Ibn Khaldun ya ware babi guda a littafinsa Muƙaddima, tun ƙarni na 14, yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibi tana kashe masa kuzari ta koya masa ƙarya da yaudara. Ba daga Turai wannan fahimta ta fara zuwa mana ba.

Inda hanyar ke ƙarewa mun gan shi. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, yara a cikinsu. A wata mai bi aka buɗe wasu a Daura da Katsina. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, suna biyan kuɗi, saboda sun rasa yadda za su yi da ɗan da ya kangare. Ba ina cewa duk waɗanda ke ciki masu ADHD ba ne. Amma sananne ne a binciken likitanci cewa wanda ya tashi da larurar ba tare da kulawa ba ya fi sa'o'insa haɗarin barin makaranta, da faɗawa shaye-shaye, da haɗari a kan hanya. Wani babban nazari a Denmak da aka wallafa a 2015, wanda ya bi mutum kusan miliyan 2, ya samu cewa haɗarin mutuwa da wuri ya ninka kusan sau biyu ga masu ita, kuma mafi yawa ta hanyar haɗurra. Ka ɗora wannan a kan saurayin da aka kora daga aji aka miƙa masa babur ya yi kabu-kabu, a garin da tiramol ke yawo a aljihu.

To, mene ne abin yi? Akwai magani, kuma ya daɗe. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa yana sa yara masu wannan hali su natsu su yi karatu. Wanda aka fi amfani da shi yau shi ne metilfenidet, da aka fi sani da Ritalin. Yana taimaka wa kimanin bakwai cikin goma na yaran da aka ba su, ba ta hanyar kashe musu jiki ba, sai ta ƙarfafa wancan sashe mai cewa dakata. Ba ya warkarwa. Yana aiki ne na sa'o'in da yake jiki. Yana rage cin abinci, yana iya hana barci, kuma dole a riƙa auna nauyin yaro da tsawonsa da bugun zuciyarsa. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a ba yaron da bai kai shekara 6 ba, ta kuma ce a fara da horar da iyaye da gyaran yanayin makaranta tukuna. Magani ne da doka ta tsaurara, sai da takardar ƙwararren likita. Kada wani ya karanta wannan ya nufi kemis, kuma kada a ba yaro maganin mura mai sa barci don a huta da shi, abin da wasu ke yi a ɓoye.

Ƙwararren likitan kuma ina yake? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware a kan yara 'yan kaɗan ne a cikinsu. Mutumin Bungudu zai fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In abin ya wuce nan, sai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota, da halin da hanya take ciki, da kunyar a ce an kai ɗanka "asibitin mahaukata," sun isa su hana mafi yawan iyaye motsawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yi alƙawarin kawo wannan kulawa kusa da jama'a. A ra'ayina, in muka ce sai likita ya iso kowace gunduma kafin a taimaki waɗannan yara, to mun yafe wannan tsarar gaba ɗaya.

Abin da ke hannunmu shi ne malami da uwa, kuma an gwada shi kusa da mu. A Kaduna, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ɗauki malaman firamare ya raba su gida biyu. Aka ba kashi ɗaya horo na awa 3 a kan ADHD, aka ƙara musu awa ɗaya da rabi bayan mako biyu. Waɗanda aka horar suka fi ɗaya kashin sanin larurar, da sanin dabarun tafiyar da irin waɗannan yara, ra'ayinsu a kansu ma ya yi laushi. Awa huɗu da rabi ke nan, ba gini, ba na'ura.

Dabarun kansu ba su da tsada. A zaunar da yaron a gaba kusa da malam, nesa da taga da ƙofa. A kira sunansa, a haɗa ido, a ba shi umarni ɗaya. In ya gama a ba shi na biyu. A sa shi ya maimaita aiken da bakinsa kafin ya fita. A yanka masa aiki gunduwa-gunduwa. Tun da jikinsa sai ya motsa, a ba motsin aiki: shi ne mai goge allo, mai raba littattafai, mai ɗebo alli. A yaba masa nan take idan ya yi daidai, ko na minti biyar ne, domin yaron da ke jin sunansa sau ashirin a yini a bakin faɗa yana buƙatar ya ji shi sau ɗaya a bakin alheri. In za a hukunta shi, ya zama nan take, gajere, wanda ya san da shi tun kafin ya yi laifin, kamar hana shi fita wasa na ɗan lokaci. A gida a tsayar masa da lokacin barci da na cin abinci, a ware wuri ɗaya da jakarsa da takalminsa ke kwana.

Wani abin da na daɗe ina lura da shi: tsarin makarantar allo, in aka cire dorina, ya fi dacewa da irin wannan yaro fiye da ajin boko. Kowa da allonsa da inda ya tsaya, ba a jiran kowa ba a kuma jan kowa. Karatun da murya ake yi, jiki yana rausaya. Darasin gajere ne, ka biya, malam ya saurara nan take, ka tashi ka wanke, ka jira ya bushe, ka rubuta sabo. Motsi da maimaici da sakamako na kusa duk suna ciki, kuma su ne abubuwan da masana ke ba da shawara a yau. Haka nan da yawa daga cikin yaran da aji ya gagara sukan zama gwanaye a garejin kanikanci, ko wurin walda, ko kasuwa, inda hannu da ido ke aiki tare. Wannan ba dalilin cire yaro daga makaranta ba ne. Dalili ne na gane cewa kan nasa lafiya lau yake ɗaukar ilimi in an zo masa ta ƙofar da take buɗe.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwambar 2023, an kuma ga gyaran gine-gine. Ina roƙon hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da Kwalejin Ilimi ta Maru, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, su sa horo irin na Kaduna a cikin abin da kowane malami zai samu, da Hausa, a kuma gayyato malaman Islamiyya da na allo su zauna a ciki, tun da yaran nan a hannunsu suke yini. Ma'aikatar lafiya kuma ta mayar da gwajin dalma a jini abin da ake samu a manyan asibitocin jiha a kowane lokaci, ba sai an fara binne yara ba.

Kai kuma uba, ke kuma uwa, da kuka gane ɗanku ko 'yarku a cikin wannan rubutu: kafin ku sake kai shi a dake shi, ku kai shi a duba kunnensa da idonsa da jininsa. Ku gaya wa likita in an taɓa niƙa dutsen zinariya a gidanku, in ya taɓa suma da zazzaɓi, in an haife shi bakwaini, in ya ga abin firgici. Ku je wurin malaminsa ku tambaya yadda yake a aji, ku roƙa a dawo da shi layin gaba.